Bara'atu da Fara Mai Funfuna

Akwai wani sirri na Bara'atu mai fara ta Tajaye da zan gaya muku, amma ku bari in gyara zama tukuna. Kun san ta ai. Wadda in ta aza kasko, ƙamshin yajinta sai ya tsai da mota a Dogarawa. Shekara talatin tana suyar fara, tun tana amarya gidan Alkasum. Da kaskon nan ta yi rainon ɗiya biyar. Ta san fara fiye da yadda ta san dangin mijinta.

Sirrin? Ina zuwa.

Daminar bana anka gan ta cikin gonar wakenta tana tsintar matattun fara, waɗanda sunka sandare bisa kara, funfuna koriya shar ta rufe su. Tana zubawa a gwangwani kamar mai tsintar zinariya. Mutum ɗaya ya gani, kafin la'asar mutum dubu sun rantse sun gani. Anka ce ruɓaɓɓu take soya muna. Ni ban ƙirƙira ba, na dai maimaita sau uku ko huɗu.

Ranar kasuwa kaskonta ya huce. Ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka. Ta koma gida da tire cike, ba ta yi ma kowa bayani ba, don Bara'atu ba ta iya roƙo ba.

Da hantsi na bi bayan darninsu neman kazata. Sai na ji Alkasum yana cewa, "Ki bar tsintar nan, mutane sun guje ki."

Ta ce, "Malam, funfunar nan ita ke kashe su. Na lura inda guda ta mutu da ita, kwana goma ƴan'uwanta sun bi ta. Dakawa nake, in dama da ruwa, in yayyafa ma wake. Ta kasko kuwa da ranta ake kamo ta. Ka ga waken bana, sun ci shi?"

"Ba su ci ba. To ki gaya ma mutane."

"Wa zai saurare ni?"

Nan atishawa ta ci amanata.

"Uwani," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba, "ke da ba ki da kaza. Zagayo."

Na zagaya. Ta cika mini hannu da soyayyar fara.

"Ranar kasuwa ki zauna gaban kaskona ki ci, kowa na kallo. Bakin da kinka kore su da shi, da shi za ki maido mini su."