Malama Nimatou da Taɓaryar Inna

Duk wanda ya saba fitowa da sassafe a Zongon Kwatano ya san Nimatou Karimou, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matashiyar nan mai shuɗin hijabi da ke tsayar da zemijan, wato babur ɗin haya, a bakin titi da jakar littattafai a goye, kan wata sanda ya leƙo daga cikin jakar. Masu baburan sun daɗe suna zaton da ita take dukan yara, har suna tausaya wa 'yan ajinta.

Shekarunta ashirin da biyar. Mahaifinta, Baba Karimou, ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota tsakanin tashar jirgin ruwa da Malanbil kafin gwiwa ta zaunar da shi. Mahaifiyarta, Inna Ummu Salama, sakwara take sayarwa a ƙofar gida, kuma ba ta yarda da injin niƙa ba, da hannunta take daka. A gidan nan babu wanda ya taɓa jin kalmar besbol sai da Nimatou ta shiga jami'a a Abomey-Calavi.

Ita ma ba neman wasan ta je yi ba. Tana shekara ta biyu, wata ranar Asabar ta zauna a gefen fili tana cin soyayyar doya, sai wata farar ƙwallo mai tauri ta faɗo cikin yajinta. Haushi ya kama ta, ta ɗauka ta wurga wa wanda ta ga yana ɗaga mata hannu. Mutumin ya cafe, ya cire safar fatar da ke hannunsa ya dudduba tafinsa, sannan ya tako har inda take ya tambaye ta inda ta koyi jifa. Ta ce a bishiyar mangwaron maƙwabta. Ya ce ta dawo Asabar mai zuwa. Ta dawo don ta ga ƙarshen abin, kuma har yau ba ta fasa zuwa ba.

Da ta gama karatu ta samu koyarwa a wata ƙaramar firamare mai zaman kanta a Vêdoko, aka ba ta aji huɗu, yara hamsin da uku. Daraktan makarantar, Mushe Moumouni (haka ake cewa malam a ƙasar Faransanci), mutumin Jugu ne, mai fara'a, amma yana da wata ɗabi'a: duk aikin da tsofaffin malamai suka gudu, sabon malami yake miƙa wa, yana cewa ta haka ake gogewa. Cikin mako biyu Nimatou ta zama mai kaɗa ƙararrawa, mai jera yara a layi, mai duba farce ranar Litinin, kuma sakatariyar taron iyaye. Tana tashi da asuba ta taya Inna feraye doya, ta kama hanya kafin go-sulo ya haɗu, ta dawo da la'asar ta koya wa 'ya'yan wani ɗan kasuwa lissafi a Agontinkon. Asabar kaɗai ce tata, ita ma Calavi ta cinye ta.

Watan farko ajin ya fi ƙarfinta. Da ta juya ga allo sai wurin ya zama kasuwar Dantokpa. Ta yi lallashi, ta yi tsawa, har muryarta ta dishe, Baba Karimou ya riƙa jiƙa mata citta da zuma yana tambayarta ko koyarwa take yi ko kiran fasinja.

Abin da ya cece ta ya zo ne ba shiri. Wata Talata tana rubutu, wani daga bayan aji ya dunƙule takarda ya jefi abokinsa na gaba, jifan ya wuce. Nimatou ta ga abu ta gefen ido, hannun hagunta ya tafi da kansa ya cafe, na dama bai daina rubutu ba. Ajin ya yi tsit irin wanda ba ta taɓa ji ba. Da ta juyo, duk sun zuba mata ido. Suka tambaye ta ko tsafi ne. Ta ce wasa ne, kuma in suka bar ta ta gama darasi lafiya, gobe Laraba da yamma, tun da ba a karatu, za ta nuna musu.

Sai da ta koma gida ta tuna ba ta da kayan wasa. Ƙwallo ɗaya gare ta da safar hannu ɗaya, sandar da take yawo da ita kuwa ta ƙarfe ce, ta yi wa yara nauyi. Ƙwallayen tanis ta samo a wurin masu gwanjo, ta yanka kwali huɗu don alamar tashoshin da ake zagayawa. Sanda ce ta rage. A bayan madafa ta ga wata taɓarya a jingine, duk ta yi baƙi, ta ɗauka an daina aiki da ita. Ta kai wa kafinta, ya rage mata tsawo, ya sassaƙe gefe ɗaya ya zama mariƙi.

Larabar farko ba a yi wasa ba, an dai yi gudu. Ta bayyana musu cewa ɗaya zai jefa, ɗaya ya buga, wanda ya buga ya zagaya kwalayen kafin a dawo da ƙwallo. Da aka buga ta farko, duka hamsin da ukun suka zagaya, har da mai jifan. Wasu suka sa ƙafa suna yanka juna kamar a filin ƙwallon ƙafa. Wata yarinya ta ɗauke kwalin tasha ta biyu ta ruga da shi don kada kowa ya riga ta isa. Nimatou ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Amma zuwa Laraba ta uku sun fara ganewa, kuma ajin ya lafa, domin duk wanda ya yi surutu, shi zai tsaya can nesa inda ƙwallo ba ta cika zuwa ba.

Ashe taɓaryar ba ta tsufa ba. Ita ce wadda Inna Ummu Salama ta zo da ita gidan aure, ba ta fito da ita sai doya ta yi gardama. Ta neme ta mako uku, ta zargi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, sai kafintan da bakinsa ya tambaye ta ko aikin da ya yi wa taɓaryar ya yi kyau. Ranar Laraba ta rufe tukwane, ta yafa mayafi, ta hau zemijan zuwa Vêdoko.

Ta tarar da yara a fili, Mushe Moumouni yana tsaye a inuwa yana kallo. Inna ta miƙa hannu kawai. Nimatou ta karɓo sandar ta kawo mata da hannu biyu, kanta a ƙasa. Inna ta juya ta, ta shafa inda aka sassaƙe.

"Wannan ce kika mayar haka?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Na ɗauka kin yar da ita."

"To, me ake dakawa da ita yanzu?"

Yaran suka yi caa, kowa na son ya yi bayani, suka ja ta har inda mai bugu ke tsayawa. Ta ce ita ba wasa ya kawo ta ba, amma ta gyara ɗaurin zani. Nimatou ta jefo mata ƙwallon a hankali, irin jifan da ake yi wa uwa. Hannun da ya shekara talatin yana dakan sakwara ya sauke mata taɓaryar. Ƙwallon ta haye katanga, ta wuce garejin da ke bayan makaranta, har yau ba a gan ta ba.

Yara suka yi ta ihu suna cewa ta ruga. Inna ta dube su ta ce ita ba ta saci komai ba, ba ta ga dalilin gudu ba. Ta taka a hankali ta zagaya kwalayen nan huɗu tana gyara mayafi, yara na bin ta da tafi.

Mushe Moumouni ya ga abin da sauƙi, ya cire agogo ya karɓi sandar. Sau uku yana kai bugu yana samun iska, a na ukun har ya juya ya fuskanci ofishinsa. Ya ce rana ce ta shiga masa ido. Kashegari ya kira Nimatou ya sanar da ita cewa makaranta ta amince da wasan, kuma ya naɗa ta shugabar wasanni baki ɗaya, har da tsalle-tsalle da gudun buhu na bikin ƙarshen shekara. Inna kuwa ta bar musu taɓaryar, da sharaɗin a riƙa shafa mata man kaɗe.

A watan Mayu suka buga wasansu na farko da wata makaranta a Calavi. Baba Karimou ya samo musu bas wurin wani tsohon abokin aikinsa, ya zauna gaba yana gyara wa direba tuƙi tun daga Zongo. An ci su sha huɗu da biyu. A hanyar dawowa yaran suka yi ta waƙa kamar su suka ci kofi, suna gardamar wanda ya kawo maki biyun nan. Nimatou na kujerar baya da littattafan rubutu a cinya tana gyara shifta da jan biro, duk ramin da motar ta faɗa sai ya ja mata layi a aikin wani. Ranar Litinin yara bakwai suka zo ƙorafin an soke musu amsar da take daidai, ta duba ta ga gaskiyarsu, ta mayar musu da makinsu.