Kurkunun Kaka

Har yau ba na cin taliya. Jikokina sun ɗauka tsufa ne da ƙauyanci, ni kuwa na bar su a haka. Shekaranjiya ƙaramarsu ta shigo da faranti tana ci a gabana, sai sili ɗaya ya zubo ta gefen farantin yana lilo, fari, da maiƙo a jikinsa. Nan take yawu ya cika mini baki, na tashi na zagaya bayan ɗaki na tofar. Idan kai ɗan yanzu ne, mai karatu, ba za ka gane ba, don ba ka taɓa ganin kurkunu ba. Allah ya sa kada ka gani.

Na tashi a wani ɗan ƙauye ta wajen Gwangwan, gidajen ba su fi goma sha biyu ba, dukanmu Kirista, da 'yar majami'armu ta jinka can a bakin hanya. Maƙwabtanmu Musulmi ne, ga kuma rugar Fulani ta gabas. Addini kowa da nasa, amma kududdufi ɗaya muke sha, mu da su da shanunsu. In na tuna ruwan nan sai in rasa yadda aka yi muka rayu. Kore ne shar da gansakuka, kwaɗi na iyo a ciki, saniya na tsaye a tsakiya tana fitsari, mu kuma muna gefe muna kaɗa ruwan da ƙwarya muna ɗiba. Wanda kurkunu ya fito masa ma nan yake zuwa ya tsoma ƙafar don ya ji sanyi. Babu wanda ya san daga ruwan ake kwaso tsutsar. Manya cewa suke jijiyar mutum ce ta gaji take fitowa.

Kakata ta wajen uba mace ce mai ƙafa. Tana da gayaunarta ta gyaɗa, ba ta yarda kowa ya sa mata fartanya a ciki. Ranar kasuwar Rogo tun da asuba take ɗaukar ƙwaryar daddawa ta kama hanya, matasa su bi ta suna haki. Ni take kira ƙawarta, tana tsokanata wai na fiye iyayi, don ko ƙuda ya faɗa mini a kunu sai na zubar. Gaskiyarta ne. Haka Allah ya yi ni da ƙyanƙyami, kuma har gobe ban rabu da shi ba.

Ina da shekara goma, ana tsakiyar noman farko, idon sawunta na hagu ya fara ƙaiƙayi. Ya yi bororo mai zafi kamar an ɗora mata garwashi, kwana biyu ya fashe, sai ga wani farin abu ya leƙo. Lokacin kowa yana gandu tun safe har la'asar, maza da mata, don a wurinmu mata ma noma suke. Aka duba aka ga ni ce ban isa riƙe fartanya sosai ba, saboda haka aka bar mini Kaka da ƙafarta.

Wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo mana nono ita ta koya mini aikin. Za a jiƙa wurin da ruwa, tsutsar ta ɗan miƙo kai, a kama a naɗe a jikin tsinke. Kullum a murza tsinken a hankali, ta fito kamar tsawon gaɓar yatsa, wata rana ma ba ta kai ba. Da zarar ta yi tauri sai a tsaya, a ɗaure tsinken a jikin ƙafar da tsumma, sai kuma gobe. Ta riƙe mini hannu ta ja mini kunne da Hausarta mai gargada cewa kada in kuskura in ja da ƙarfi. In ta tsinke, ragowar za ta koma ciki ta ruɓe, ƙafa kuma sai abin da Allah ya yi.

Ban san yadda zan kwatanta maka warin nan ba. Mugunya ce da man shanun da ake shafawa da tsumman da ya kwana a jiƙe. Ƙudaje su yi baƙi a kan mikin, in kora su sauka a leɓena. Tsutsar tana da santsi, kuma tana da rai, ina jin motsinta a yatsuna. Kajin gida su zagaye mu suna leƙe, suna jira abu ya faɗo. In na gama sai in je in dirje hannuna da toka har ya yi ja, duk da haka in aka zuba tuwo sai in kasa sa hannun a ciki. Na yi amai a bayan rumbu ban san sau nawa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi kuwa shi ne Kaka kanta. Da tsutsar ta yi tauri, tun kafin in yi magana sai ta ce, "Bari haka, ƙawata. Na yau ya isa." Sannan ta sa in sunkuyar da kai ta yi addu'a, tana gode wa Ubangiji saboda ɗan abin da ya fito. Godiya a kan gaɓar yatsa ɗaya ta tsutsa. Wata rana na kasa haƙuri na tambaye ta, in dai Allah yana ƙaunarta kamar yadda mai bishara yake faɗa mana kowace Lahadi, me zai hana ya zare abin nan gaba ɗaya mu huta. Ta yi dariya ta ce ita ma ta tambaye shi, bai ba ta amsa ba tukuna, amma ta lura kullum yana ba ta ƙarfin da zai kai ta yamma. Ban ga abin dariya ba, na tura baki na kwashe tsummokarana.

Mun yi kwana ashirin a haka. Naɗin da ke jikin tsinken ya yi kauri, Bafulatanar ta duba ta ce saura kaɗan. Wannan kalma ta saura kaɗan ita ta cuce ni. Ranar da hantsi, 'yan matan gidanmu suka biyo za su tsintar kaɗanya, ina jin muryoyinsu a bayan danga suna kirana. Kaka ta jingina da bango, idonta a rufe. Na murza tsinken, tsutsar ta fito kaɗan ta tsaya. Na ce a raina yau dai sai an gama wannan ƙazanta. Na ƙara murzawa, na ji ta miƙe kamar zare, na ja. Ba ta yi wata ƙara ba. Kawai na ga tsinken a hannuna babu nauyi, ragowar kuma ta shige cikin mikin a kan idona.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi tsutsar ƙazanta. Na mayar da tsinken wurinsa na ɗaure da tsumma kamar kullum, na wanke hannu, na bi 'yan mata tsintar kaɗanya.

Kwana uku ƙafar ta kumbura har gwiwa, fatar tana ƙyalli, zazzaɓi ya rufe ta. Aka kira wanzami ya yi mata sakiya, wato ya gasa ƙarfe ya huda kumburin. Abin da ya zubo ya kusa cika ƙoƙo, har karen gidanmu sai da ya tashi ya bar wurin. Baba ya kwance tsumman ya ga tsinken ba ya haɗe da komai. Ya juyo ya dube ni, ya tambaya waye ya ja. Kaka ce ta amsa daga kwance, da ƙyar ake jin muryarta.

"Ƙyale yarinyar nan. Kwana ashirin tana riƙe da ƙafar da kai ko kallonta ba ka iya yi."

Daga nan babu wanda ya sake tambaya. Aka ɗora ta a amalanke zuwa asibiti a Rogo, ta yi sati biyu. Ƙafar ba a yanke ba, amma idon sawun ya sandare, bai sake lanƙwasuwa ba. Matan zumuntar majami'armu suka yi gayya suka nome mata gayauna, Bafulatanar ta riƙa kawo nono tana ƙin karɓar komai. Kasuwar Rogo kuwa Kaka ba ta sake takawa da ƙafarta ba. Mutane suka riƙa yabona, wai yarinya ƙarama ta yi jinyar kakarta. Duk wanda ya shafa kaina sai in ji kamar in yi amai, ba don wari ba wannan karon.

Sai da aka cire gyaɗa na iya faɗa mata. Muna zaune mu biyu a tsakar gida muna ɓara, ƙafar tana miƙe a gabanta kamar itace. Na fara magana kuka ya ci ƙarfina, na dai samu na ce ni ce na ja. Ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba.

"Na sani. Idona ne a rufe, ba barci nake ba."

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba, me ya sa ba ta tsane ni ba. Ta ce ta ji haushina, kada in ɗauka ba ta ji ba, ta yi kwanaki a asibiti tana kai ƙarata wurin Ubangiji. Amma duk lokacin da ta fara sai ta tuna irin abubuwan da ita ta ɓoye a ƙarƙashin tsumma tun tana budurwa, waɗanda shi ya gani sarai, kuma bai taɓa kau da fuska daga gare ta ba. Ta ce Yesu da ya sa hannu ya taɓa kuturu bai toshe hanci ba. Sannan ta tura mini ƙwaryar ta ce in yi sauri, ɓarata ta fiye nawa.

Lahadin da ta biyo ta ce za ta majami'a. Kawu ya sassaƙo mata sanda, ta ce ba ta so, kafaɗar ƙawarta ta fi daidai da tsayinta. Tafiyar da a da take yi kafin a gama buga ƙararrawa ta koma ta kusan awa guda. Shekara goma sha ɗaya muna yin ta, har na fi ta tsayi sai na riƙa rusunawa, har Ubangiji ya kira ta.

Yanzu kurkunu ya ɓace a ƙasarmu. An haƙa burtsatse, an koya wa mutane tace ruwa, kududdufin ma ya zama gonar wani. Amma wahalar da ba ta fita rana ɗaya tana nan. Shekara huɗu ke nan maigidana yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, ni ke juya shi, ni ke wanke shi. Wasu masu wa'azi na zamani sukan zo da lasifika da kwalbar mai, su yi ihu a kansa wai yau-yau zai tashi. In bai tashi ba su ce bangaskiyata ce ta yi kaɗan, su karkaɗe rigunansu su hau babur. Ban taɓa ganin ɗayansu ya tsaya ya taya ni canza shimfiɗa ba. Su ma tashin zuciya suke sa ni, Allah ya gafarta mini.

Ban zama waliyyiya ba. Rannan ina goge masa jiki ya ga na kau da kai, ya tambaye ni da harshensa mai nauyi ko ina ƙyamarsa. Na yi niyyar in ce a'a, sai na ga na girmi ɓoye abu. Na ce masa ƙyamar tana zuwa, tun ina yarinya haka nake, amma babu inda zan je. Hawaye ya gangaro masa ta gefen da ba ya motsi. Na share masa, na ce ya ɗan jure, ruwan ya huce, bari in ƙaro mai ɗumi.