Ajiyar Ɗanasabe

Ɗantani mutumin Dosara ne, manomi ɗan manomi, amma a Talata Mafara babu wanda ya san shi da fartanya. Da aka fara ginin dam ɗin Bakolori, gonar ubansa tana cikin waɗanda ruwa zai cinye. Ya duba ya ga gonar tafiya za ta yi ko ya so ko ya ƙi, sai ya sauko Mafara ya koyi tuƙi, aka ba shi tifa yana jigilar dutse. Shi da kansa ya zuba dutsen da ya tare ruwan da ya shanye gonarsu, kuma bai taɓa son a tuna masa da haka ba.

Audu kuku ne ya jawo masa kiɗan jaz. Audu yana dafa wa Turawan da ke aikin dam abinci, wani daga cikinsu da zai koma gida ya bar masa garmaho da faifai rututu. Audu ba shi da batir, Ɗantani yana da na mota. Babu wanda ya iya haɗa waya a cikinsu, sai suka nemo Ɗanasabe, wani makanike ɗan Birnin Tudu mai tsiya da yawan musu. Ranar da aka ɗora faifan farko dariya suka yi ta yi, Audu yana cewa makaɗan nan kowa gabansa yake ci, kamar kasuwa ta watse. Can sai suka lura Ɗanasabe ya daina dariya. Ya runtse ido, ya ɗora tafinsa a kan akwatin garmahon, bai motsa ba har allura ta kai ƙarshe.

"Kun ji abin da ni ji?" in ji shi. "Wanga kiɗi bai yabon kowa. Ba sarki, ba mai kuɗi. Mutum na shika faɗin damuwatai da ƙaho."

Daga nan abin ya kama su. Kowace Juma'a bayan la'asar sai su haɗu a zauren Ɗantani, a dafa shayi, a ciro batir daga tifa. Ba mai karanta Turancin da ke bayan kwalayen, saboda haka hoton da ke jiki suke bi su raɗa wa faifai suna. Akwai Mai Kumatu, wanda ke busa ƙaho kumatunsa sun kumbura kamar na mai algaita. Akwai Baƙin Gilashi, akwai Uwar Daɗi. Ɗantani kan tsaya a Gusau ya bi shagunan Sabon Gari yana tono, in ya samo sabo ya shigo zaure yana taƙama. Suna da doka: ba a taɓa fuskar faifai da yatsa, ba a magana in ana busa, kuma ba a shiga da shi cikin gida. Maƙwabta suna ce musu 'yan kiɗan aljanu. Taiba matar Ɗantani kuwa ta bayan katanga take jiyowa, ta aiko da ƙosai, ba wanda ya taɓa ce mata ga yadda abin yake.

Ɗanasabe ya fi kowa tarawa, kuma a cikin nasa akwai wanda yake ji da shi kamar ɗa. Hoton wani ramammen mutum ne zaune shi kaɗai a kan kujera da ƙaho a cinyarsa, suka sa masa Gwauro. Busa ce a hankali, ba hayaniya. In an ɗora shi, ko Audu mai surutu shiru yake yi.

Sai al'amura suka lalace. An kwashe gonakin mutane ana baje su don aikin noman rani, damina ta wuce ba a yi shuka ba, wata ma ta wuce. Manoman Bakura suka fara tare hanyoyi. Wata Juma'a Ɗanasabe ya zo da akwatin katako cike da faifansa a bayan kekensa, ya dire a zaure.

"Ka aje min," in ji shi. "Gobe ina wurin 'yan uwana bisa hanya. In na dawo, Gwauro za ka fara sa min. Kak ka ba Audu, hannunai duk mai na."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Ba a daɗe ba aka yi harbe-harben Birnin Tudu, 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Aka binne waɗanda aka binne, aka tafi da waɗanda aka tafi da su, wasu suka bazama daji. Ɗantani ya je har can yana tambaya, babu wanda ya ce ya ga gawar Ɗanasabe, babu kuma wanda ya ce ya gan shi da rai. Ya dawo ya ɗauki akwatin, ya karya dokarsu, ya shigar da shi ƙuryar ɗakin Taiba don kada wani ya taɓa. Zaman Juma'a ya mutu. Shi dai abu guda ya sa a ransa: ran da mai akwati ya dawo, ya same shi yadda ya bar shi.

Cikin damina aka tura shi Gusau ɗauko kaya, ruwa ya tsare shi a can. A Mafara ma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin soron ya tsage, laka ta tsiyaya cikin akwatin. Taiba ta buɗe ta ga kwalaye sun jiƙe, faifai duk taɓo. Hankalinta ya tashi, don ta san abin da akwatin nan yake a wurin mijinta. Ta yi musu abin da take yi wa duk abin da take so in ya jiƙe. Ta wanke su ɗaya bayan ɗaya da ruwan randa, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida kusa da kuɓewar da take busarwa, ta jera su a rana. Ranar bayan ruwa kuwa kowa ya san zafinta.

Da Ɗantani ya shigo da yamma, ta tarbe shi da fara'a.

"Sannu da zuwa, Malam. Kayan abokinka sun sha ruwa, amma na shanya su, sun bushe sarai."

Ya tsuguna a bakin tabarma. Kowane faifai ya lanƙwashe, bakinsa ya ɗaga kamar busasshen ganyen kabewa. Ya ɗauki Gwauro yana juyawa. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dubi fuskarta, ya tuna shekara da shekaru tana aiko da ƙosai ba wanda ya gaya mata rana ce ajalin faifai. Ya ce mata sannu da aiki. Baƙin cikin da ya shiga a ranar ya fi na ranar da ya ga ruwa a kan gonar ubansa.

Ya yi ƙoƙari. Ya danne su a ƙarƙashin buhunan gero, ya sa su tsakanin allunan katako, ya bi shagunan Gusau da hoton Gwauro a hannu. Babu inda aka taɓa ganin irinsa, kuma waɗanda ya danne ba su miƙe ba.

Bayan kaka sai ga Ɗanasabe a ƙofar zaure, ya rame, yana dogara sanda. Ɗantani ya rungume shi, ya jero gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya bayan rabuwa. Ɗanasabe yana ta cewa lahiya lau, lahiya lau, da ƙarfi fiye da yadda ya saba, wani lokaci ma kafin a gama tambaya. Ya zauna a wurin zamansa na da, ya nuna garmaho.

"Sa min Gwauro."

Ɗantani ya haɗa batir. Ya juya baya ya tare faifan da jikinsa, ya ce, "Ɗanasabe, ka gahurce ni. Ajiyakka ta lalace hannuna. Rana ta ci su duka." Bai ji amsa ba. Ya waiga ya ga mutumin ya riga ya runtse ido, ya miƙo tafinsa yana laluben akwatin garmahon. A lokacin ne ya ga tabon da ya taso daga bayan kunnensa har cikin gashi, ya gane dalilin ƙarfin muryar: Ɗanasabe ya kurumce.

Ya saki allura. Faifan yana hawa yana sauka, busar tana ja tana karyewa, allura ta yi tsalle ta koma baya, ta sake tsalle. Ko akuyar da ke ƙofar gida sai da ta ɗaga kai. Ɗanasabe yana zaune, tafinsa a kan katako, yana gyaɗa kai a hankali daidai inda ya saba gyaɗawa, har aka kai ƙarshe.

"Shina nan yadda ni bas shi," in ji shi da ƙarfi, hawaye na bin kumatunsa. "Allah shi saka maka, Ɗantani. Kai ka riƙe amana. Maido shi daga farko."

Ɗantani ya ɗaga allura ya mayar da ita farko.