Dodanni a Shagon Kitso

A shagonta ba a tambayar mace irin kitson da take so sai an fara tambayarta ko kanta ba ya son taɓi. In ta ce haka ne, sai mai kitson ta tafa hannu kamar an yi mata albishir, ta juya ga kantar da ke gefen madubi. Kantar wata mai kitso man gashi ne da zare. Tata kuwa littattafai ne har rufi, duk na ƙasashen da babu su a duniya: sarauniyoyi masu takubba, matsafa masu gemu har gwiwa, dodanni masu aman wuta. Shi ya sa ake kiranta Uwar Dodanni, kuma tana amsawa da ƙarfinta.

Cutar son littattafan nan ta kama ta tun tana firamare, lokacin da yayanta ya tafi aikin jirgin ruwa ya bar kwali a ƙarƙashin gado. Ta buɗe tana neman takalmi, ta ci karo da littafi mai taswira a shafin farko. Ranar tukunyar da aka bar mata a wuta ta ƙone ƙurmus, ta sha faɗa, ko a jikinta.

Da ta buɗe shago sai ta gano cewa mai karatu kanta a sunkuye yake, daidai yadda ake so in za a kama ƙeya. Tun da hannuwanta ba su da hutu, sai ta kafa doka: wadda ake yi wa kitso ita ke karantawa da ƙarfi, kowa ya ji.

"Ke mai raki, riƙe wannan," za ta ce. "Birni ne rataye da sarƙa tsakanin duwatsu biyu, kuma wani ɗan banza na yanke sarƙar. Wallahi sai na gama ba ki ce wash ba! Ke kuma da kika shigo fuska a murtuke, ga na dodon da ke tsoron tashi sama. In ba ki yi dariya ba, ki warware kitson."

Ba ta ba mai damuwa littafin kuka. Takan ce wanda ruwa ke duka ba ya bukatar a watsa masa wani.

Duk cikin masu zuwa babu kamar Malama, wata malamar lissafi mai gashi har kafaɗa. Ranar farko ta yatsina fuska ta ce ita ta girmi tatsuniya. Kafin a kai rabin kai tana yi wa jarumin tsawa kada ya buɗe ƙofa. Kuma Allah ya ba ta murya! In ta yi maganar dodo, mai walda na maƙwabta sai ya kashe injinsa ya kasa kunne.

Suna tsakiyar wani littafi, an kewaye sarauniya a bakin gada, sai Malama ta daina zuwa. Uwar Dodanni ta hana kowa taɓa littafin, duk da son jin ƙarshen na cin ta kamar ƙaiƙayi. Daga baya ƙanwar Malama ta zo ta faɗa mata a hankali cewa ciwo ne, kuma maganin asibiti ya zubar da gashin kaf. Jikin na samun sauƙi, amma Malama ta rufe kanta a ɗaki, ba ta son ganin kowa, balle mai kitso.

Abin ya soki Uwar Dodanni a zuci. Ta ji tsoron kada ƙawarta ta saba da ɗakin nan. Washegari ta rufe shago da rana tsaka, ta ɗauki littafin.

Ta tarar da Malama a bakin gado, ta rame, ta ɗaure kai tam da ɗankwali.

"Kin yi zuwan banza, 'yar'uwa," in ji Malama, ba ta ɗago ba. "Babu abin kamawa."

"Wa ya ce wajenki na zo? Wajen sarauniya na zo. Kin bar baiwar Allah a bakin gada, mayaƙa dubu a gabanta!"

"Ki ba wata ta karanta miki."

"Ai ni zan karanta. Ke dai yi zamanki."

Ta zauna a kujera, ta gyara murya, ta fara. Gaskiya dai, mai jin karatu daban, mai yin sa daban. Tana gudu inda ya kamata a tsaya, tana tsallake layi don ɗoki, muryar dodonta kuwa ta fito kamar ta akuya mai mura. Malama ta daure shafi ɗaya. A na biyu ta rufe ido. A na uku ta yi tsaki.

"Haba! Wannan ai cin mutunci ne. Dodon da ya shekara dubu ne zai yi magana haka? Miƙo nan!"

Ta fizge littafin. Hasken taga a wajen kujerar yake, don haka ta sauko ƙasa ta zauna a gaban ƙawarta, ta jingina da gwiwoyinta. Muryar ta fara da rawa, sannan ta kama ƙasa, ta cika ɗakin. Sarauniya ta zare takobi. Ƙanwar Malama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, baki buɗe.

Uwar Dodanni dai ba ta san inda za ta ajiye hannuwanta ba. Ta ɗora su a cinya, ta sauke, ta harɗe su a ƙirji. Ga kai a gabanta, kuma tana tsoron taɓawa.

Malama ta kai ƙarshen shafi. Ba ta waiwaya ba, ta ɗaga hannu ta kwance ɗankwalin, ta ajiye shi a ƙasa.

"Akwai mai a kan teburin nan," ta ce. "Ki shafa a hankali. Kuma kada ki ɗiga mini hawaye a ka, yanzu za a hau gadar."