Raƙumin da Ya Ci Aikin Gwamnati

Ko za ni manta da sunan uwargidana, ban taɓa mantawa da ranar da anka aike ni in hana rana shiga ɗaki ba. Cikin shekarun fari ne, damina ta yi gardama, gulbi ya koma rairayi. Ina lebura a sashen gine-gine nan Sabon Birni. Ku yaran yanzu ku sani, a tsarinmu foman ke sama, sai birkila, sai kafinta, sai lebura. Ƙasa da lebura sai jaki. Da yake na taɓa aji uku na elemantare, ni ke riƙe wa foman fensir.

Akwai wani malamin gona, Malam Ummaru, da ke zaune a gidajen ma'aikata. An yi wa mahaifiyarshi, Inna Dije, aikin yanar ido a Sakkwato, likita ya ce in haske mai ƙarfi ya bugi idon kafin ya warke, to shi ke nan. Ɗakin kuwa tagoginshi na gilashi ne, can sama dab da rufi, suna duban yamma. Da azahar ta gota sai rana ta sauko kan gadonta.

Foman ya ce, "Ɗanjimma, ka tai ka rataya zana ta waje."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ina tsani?"

Ya ce, "Tsani na can garin Isa wurin aiki. Kai da ka yi boko, yi dabara."

A filin bayan gidajen akwai Buzaye da fari ya koro daga arewa. Na sami wani dattijo, Agali, na roƙi aron raƙuminshi. Ya gurfanar da shi gindin bango, na hau, ya miƙe da ni ina salati. A tsaye bisa tozo na kafa ƙusoshi na ɗaure zanar gamba sabuwa. Ɗaki ya yi duhu dulum. Inna Dije, ido a naɗe da ƙyalle, ta ce, "Wane na wanga mai murya kamar liman? Allah shi yi maka albarka."

Washegari da hantsi sai ga Malam Ummaru a ofis, hula a karkace.

"Ina zanar?"

"Tana inda na bar ta."

"Ƙusoshi dai na nan!"

Munka ruga. Ga raƙumi gindin bango yana tuƙa, ragowar igiya na lilo a leɓenshi. Mun auna tsawon akuya, mun auna na sa, ba wanda ya tuna dabbar da munka nuna wa hanya da kanmu. Agali ya sunkuyar da kai ya ce rabon dabbar da ganin ciyawa tun kafin su baro gida. Ba wanda ya iya yi mai faɗa.

Ga azahar na matsowa. Foman ya cire hula ya sosa kai ya ce, "A samo abin da ba ya ciyuwa." Munka kwaɓa jar ƙasa da jiƙaƙƙen ƙaro don ta kama gilashi. Ruwan ma na alwalar Inna ne, ta ce a ɗauka, ita ta yi taimama. Munka ɗaura tsumma a kan doguwar gora, ni da Agali muna karɓa-karɓa, muna shafe tagogin daga ƙasa, laka na ɗiga mana a ka. Ana kiran salla muna gama ta ƙarshe. Rana ta zo ta tarar an rufe.

Da anka kwance mata ƙyalle bayan ta warke, ta ce a kira mata mai tagogi. Na shiga na durƙusa. Ta dube ni tsaf, ta ce, "Ashe Bagobiri na! Wa ya yi maka huɗa a fuska haka, ko kai ma malamin gona ya bi ta kanka?"

Na ce, "Inna, tunda kin ƙirga zanena, ido ya samu."

To, ku masu tasowa, ga abin da aikin ya koya mini. Magini kan duba rana, ya duba iska, ya duba ruwa. Amma in shekara ta yi tsanani, kafin ka ɗora wani abu a jikin gida, ka tsaya ka duba wa ke jin yunwa a unguwar, ka kuma duba tsawon wuyanshi.