Aruna da Fakon Zubara

Yaya Aruna, abokin ɗakina a unguwar Najma can ƙasar Larabawa, tsohon direban babbar mota ne daga Zongon Kumasi. Ga iya tuƙi, ga baki! Korona ta zaunar da shi ba aiki, har matarsa Sanatu ta fara cewa ya dawo gida. Da Kofin Duniya ya zo, kafil ɗinsa, wato Balaraben da takardunsa ke hannunsa, ya ba shi jif ya riƙa kai baƙi yawo. Ya gargaɗe shi cewa ko ƙwarzane ta samu, jirgin komawa gida zai sa shi.

Kufan Zubara yake kai su, can arewa a bakin teku. Nan ya tsinci labarin mayaƙan da suka zo ta ruwa a ƙarni na sha takwas don su ci ganuwar garin, aka kora su da kunya. Kullum sai ya maimaita mana yana ƙyaƙyata dariya: "Sakarkaru! Baƙo ko da ido makaho ne." Har ya ishe mu.

Ranar da na raka shi, baƙin suka ce a kai su gaɓar teku. Gabanmu fili ne fari fat, busasshe. Na ce, "Yaya, ba sawun taya ko ɗaya fa."

"Kai, rufa min baki! Fako ne, irinsa na taka har Bawku."

Ashe ɓawon gishiri ne, ƙarƙashinsa taɓo. Ba mu yi nisa ba motar ta nutse har ciki. Ya ba ta wuta, ta ƙara zama. Muka tona da hannu, muka cusa tabarmin mota, a banza. Sai na ga ruwa yana rarrafowa ta bayanmu, teku ta fara cika.

Baƙin suka tsere tudu. Aruna ya cire rigarsa ya tura ƙarƙashin taya, yana salati. Ruwa ya kai gwiwa, ya shiga inji. Wayarsa ta yi ƙara, kafil ne, labari ya riga ya kai masa. Kalma ɗaya na jiyo: "Khalas," wato shi ke nan.

Ranar da yake ɗaure kayan komawa gida, wani a ɗakin ya tsokane shi da mayaƙan Zubara. Bai ɗago ba.

"Ku bar yi musu dariya," in ji shi. "Su ma akwai masu jiransu a gida."