Yayan Mijina da Ƙyauren Shago

Yaya Mai Guga kowa ke ce masa, har waɗanda suka girme shi. Yayan mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gajere ne mai sanƙo, yatsunsa duk tabon dutsen guga. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma akwai ƙissar da ya riƙe kamar ransa, ta Annabi Musa da yadda Allah ya fitar da Banu Isra'ila daga bautar Fir'auna. Ko sannu ka yi masa, sai ya san yadda ya yi ya kai ka bakin teku. Mu matan gidan har dariya muke yi masa a bayan ido.

Tun suna samari shi da maigidana suke aiki a wani babban gidan wanki da guga. Mai wurin, Mai Makulli muke kiransa, don da ma'aikata sun shiga da safe yake datse ƙofa ta waje, wai kada a saci kayan mutane. Ɗaki ba taga, ga tururi, ga hayaƙin gawayi, ga warin maganin cire tabo. Salla ma a tsakanin tulin kayan datti suke yin ta. A ciki suka yi furfura.

Sai tari ya kama maigidana, irin wanda mutum ke dafa bango. Likita ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa in ya ci gaba da shaƙar iskar ɗakin nan, huhunsa ba zai kai shi ko'ina ba. Na yi kuka, na yi masifa, bawan Allahn nan sai dai ya ce min, "To mu ci me?"

Yaya ne ya raba gardama. Ya zo gidanmu ya sa ƙanensa a gaba.

"Banu Isra'ila da suka fito, teku ne a gabansu, runduna a bayansu. Jirgi suka tanada? Gada suka gina? Tafiya suka yi har bakin ruwa, sannan Ubangiji ya buɗe musu. Kai kuma kana so ya buɗe maka kana zaune a kan tabarma."

Suka ajiye aikin, su biyu da wani abokin aikinsu da ake kira Dogo. Suka kama ɗan shago a wata unguwa, tebur biyu da baho da igiyar shanya a baya.

Shiru kake ji. Sati ya wuce, wani ya biyo baya, ko hankici babu wanda ya kawo. Dogo ya fara gunaguni, wai can aƙalla ana ba su abincin rana. Maigidana ya koma kallon ƙasa. Yaya ya ce, "Ga su nan! Su ma da suka haye, albasa da tafarnuwar Masar suka fara tunawa. An raba ku da bulala kuna kukan albasa!" Baki ne kawai yake yi, shi ma duk ya rame.

Rannan na ce bari in kai musu abinci in ga wurin da idona. Na tarar da ƙofa a rufe. Har na juya, sai na jiyo tarin da na sani. Na tura ƙyaure. Ga su nan su uku a zaune cikin duhu, zufa sharkaf, dutsen guga ya yi zafi, wai suna jiran masu kawo kaya.

Na ce, "Yaya, don girman Allah, wa ya kulle ku?"

Suka kalli juna. Ashe kullum da sun shiga, na ƙarshe sai ya ja ƙyaure ya rufe yadda jikinsu ya saba, su zauna har yamma. Mutanen unguwa duk sun ɗauka ba a fara aiki a shagon ba tukuna.

Sai Yaya ya fashe da dariya har da hawaye. "Innalillahi! Allah ya tsaga mana teku, mu kuma muka ɗauko ƙofar Fir'auna a ka muka haye da ita!"

Ya aro guduma wurin kafinta maƙwabcinsu, ya cire ƙyauren ɗungurungum. Dogo ya ce ɓarayi fa? Yaya ya ce in an tashi a mayar da shi, amma da rana kada ya ƙara ganinsa. Ya ja teburan ya fito da su waje cikin iska.

Ban kai ga kwashe kwanuka ba sai ga mota ta tsaya. Mai Makulli ne. Ya ji labarin babu ciniki, shi kuma sababbin ma'aikatansa sai ƙona masa kayan mutane suke yi. Ya fito da murmushinsa, ya ce komai ya wuce, su dawo aiki, zai sa fanka, har taga zai fasa musu. Dogo bai tsaya jin ƙarshen maganar ba, ya buɗe mota ya shige abinsa.

Maigidana ya miƙe. Na kalli Yaya in ga ko zai yi magana, mutumin da bakinsa ba ya hutawa, amma ko kai bai ɗaga ba. Rigarsa ya cire ya shimfiɗa yana gogewa, leɓɓansa na motsi.

Maigidana ya tafi har jikin motar. Tari ya turnuƙe shi, ya dafa ƙofar sai da ya lafa. Sannan ya tura ta ya rufe da Dogo a ciki, ya dubi Mai Makulli.

"Alhaji, Allah ya kiyaye hanya. In kana da kayan guga, ka aiko. Mun buɗe."

Yaya ya ajiye dutsen guga ya yi kabbara da ƙarfi, har kafinta ya leƙo. Ni kuwa dariya nake yi hawaye na zuba, ban damu da wanda ke kallo ba.

Washegari wata malamar asibiti ta kawo fararen kayanta, daga nan ciniki ya buɗe. Tarin bai tafi nan take ba, ya ɗauki lokaci, amma ya tafi. Mutumin da likita ya yi wa wannan magana, jiya shi ya ɗauki jikarmu a wuya ya hau bene da ita, yana yi mata waƙa.